Kayan Hoto a Jikwoyi

Ƙungiyar Fitila tana da wata al'ada da babu wanda ya taɓa zama ya tsara ta, amma duk ɗan ƙungiya ya san ta. Idan aka fita aikin taimako, rabo iri biyu ake yi: akwai na hoto, akwai na gaske. A na hoto, sai a jawo mutum ɗaya daga cikin layi, a tsayar da shi gaban tutar ƙungiya, a ɗauki duk abin da hannu ya kai gare shi a miƙa masa. Shugaba ya riƙe gefe, mai karɓa ya riƙe gefe, a yi murmushi. Da mai hoto ya ce ya yi, sai a karɓe kayan a mayar inda aka ɗauko, shi kuma mutumin ya koma layi ya karɓi rabonsa na gaske. Haka aka yi a Jiwa ranar buɗe rijiyar burtsatse, bokiti ɗaya ya zaga hannun mata. Haka aka yi a Tungan Maje da jakar makaranta. Ba mugunta ba ce, ba kuma rowa ba. Mutanen ofis ne kawai, a wurinsu aikin da ba a ɗauki hotonsa ba kamar ba a yi shi ba ne.

Kada kuma a raina su. Ma'aikatan gwamnati ne da lauyoyi da 'yan kwangila, waɗanda Abuja ta yi wa daɗi a shekarun nan da ko'ina ka duba ana haƙa tushe ana ɗora bene. Duk ranar Alhamis suke haɗuwa a wani otal a Wuse, a kaɗa ƙararrawa, a sha shayi, a yi gardama a kan launin rigar da za a ɗinka fiye da yadda za a yi a kan aikin kansa. Amma rijiyar Jiwa tana ba da ruwa, yaran Tungan Maje kuma sun daina zama a ƙasa.

Nazeefa mataimakiyar darakta ce a wata ma'aikatar tarayya, kuma wannan ce shekararta ta farko a kujerar shugabar kwamitin ayyuka. Ita ta kawo shawarar a je Jikwoyi a duba lafiyar mutane kyauta. Ita kuma ta sa aka bugo ƙananan ambulan masu tambarin fitila don a riƙa zuba magani a ciki, wai ledar kemis ba ta kyau a hoto. Kowa ya yaba, ita ma ta ji daɗin kanta.

Ranar Asabar ɗin, tun da hantsi filin makarantar firamare ya cika. An riga an yi shela a masallatai da coci-coci cewa kowa ya zo bai ci komai ba, saboda gwajin ciwon sukari. Mutane kuwa suka bi umarni, suka tsaya a rana da ciki wayam. Shugaban ƙungiya, Alhaji Al-Amin, ya iso da sarƙar shugabanci a wuya yana ta duba agogo, domin akwai ɗaurin aure a Maitama da ba zai yiwu a ce ba a gan shi ba.

"Hajiya Nazeefa, a yi mana na hoton nan in wuce," ya ce. "A samo mai ciki, ta fi ɗaukar ido."

Nazeefa ta leƙa layin mata, ta kamo hannun wata doguwa mai tsohon ciki, ta tsayar da ita gaban tuta. Sai ta ga babu abin miƙawa. Teburin da ya fi kusa na Bernard ne, mai haɗa magunguna, tsohon ɗan ƙungiya wanda bai cika magana ba. Ya sunkuya yana tsaga yatsan wani tsoho, sai ta miƙa hannu ta bayansa ta zari ambulan ɗaya da ke ajiye a gefe. Da ma ai duk kamarsu ɗaya. Saboda akwai mai ɗaukar bidiyo daga gidan talabijin, ta ɗaga murya yadda za ta shiga sosai.

"Wannan maganin ƙarin jini ne. Ki sha biyu da safe, biyu da yamma, kin ji ko?"

Matar ta rusuna ta ce ta gode. A daidai nan aka yi kira shugabannin kwamitoci su jeru don hoton taro, wani ya ja Nazeefa ya ce ta matso tsakiya, ta gyara gyalenta, ta yi murmushi. Daga nan aka ce ruwan sha ya ƙare, sai aka ce injin wuta ya mutu. Matar da ambulan ɗin suka fita daga kanta fit.

Sai bayan azahar, layi ya yi sauƙi, likitocin da aka gayyato sun tafi, ta ji Bernard yana ɗaga takardu da kwalaye yana magana shi kaɗai. Wani dattijo yana tsaye gabansa yana jira.

"Me ya ɓace, Oga Bernard?"

"Maganin baban nan. Sukarinsa ya hau sosai, na ware masa mai ƙarfi na ajiye nan gefe, na ce ya je ya ci abinci ya dawo. Ban san wa ya taɓa mini tebur ba."

Nazeefa ta kalli kusurwar teburin, ta ga hannunta yana zarar ambulan kamar yanzu take yi.

"Idan wanda ba shi da ciwon ya sha fa?"

Bernard ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. "Wa kika ba?"

"Na hoto ne. Ban karɓo ba."

"Mai cikin nan?"

Ta gyaɗa kai. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Murya ƙasa-ƙasa ya yi mata bayani: maganin zai zuƙe sukarin jikin matar, ga shi ba ta ci komai ba tun safe. Za ta fara gumi da rawar jiki, sai magana ta rikice, sai barci ya ɗauke ta. Idan ba a farga ba, daga barcin ba lallai ta tashi ba. Na cikin kuwa ya fi ta rauni.

"Nawa kika ce ta sha?"

"Biyu."

Ya rufe ido. Ya ɗauki lasifika ya yi ta cigiya da Hausa da Turanci, amma filin ya riga ya watse, sai masu kwashe kujeru. Babu wanda ya san matar. Ba ta koma layi ba, don a ganinta ta riga ta karɓi nata, daga hannun shugaba ma kuwa. Nazeefa ta kira Alhaji Al-Amin, ta ji kiɗa da hayaniya a bayansa. Ya ce a bi a hankali, kada a tayar da magana 'yan jarida su ji, mai yiwuwa ma matar ba ta sha ba. Ta kashe wayar tun bai gama ba.

Mai hoto yana naɗe igiyoyinsa ta karɓi kyamarar, ta ce ya nuna mata na safe. Ya yi ta dannawa, hotuna suna wucewa a ɗan gilashin bayan kyamarar. Ga Alhaji Al-Amin tar da shi, sarƙa tana walƙiya. Ga ita kanta, haƙora a waje. Matar kuwa, hannun babbar rigar shugaba ya rufe fuskarta a wannan, tuta ta tare ta a wancan, a wani kuma ta rusuna sai ɗankwali ake gani. Mai hoto ya san wanda ke biyansa, shi ya saita. Abin da ya rage na matar shi ne ciki, da hannu riƙe da ambulan, da zani shuɗi mai zanen farar kurciya.

Bernard ya ce zai tsaya a filin ko Allah zai sa ta dawo. Ya je teburin shayin 'yan ƙungiya ya ɗauko kwalin sukari mai ƙwaya ya danƙa mata.

"In kin same ta tana iya haɗiya, ki jiƙa ki ba ta. In ba ta iya ba, kada ki ɗura mata, ki shafa mata a cikin kumatu. Ki kira ni nan take."

Motarta ba za ta shiga lungunan Jikwoyi ba, ruwan damina ya cinye hanyoyin, sai ta bar wa Bernard makullin. A bakin makaranta ta tare wani ɗan acaɓa, magidanci mai furfura a gemu, ya ce sunansa Ɗanladi. Rabonta da hawa babur tun tana bautar ƙasa. Ta tattare leshinta ta hau, kyamara a wuya, kwalin sukari a hammata.

"Ina za mu, madam?"

"Ban sani ba. Wata mata nake nema."

Suka bi kasuwa, suka tsaya wurin masu tuyar ƙosai, suka tsaya wurin mai niƙa, suka tsaya a famfo. Duk inda ta sauka sai ta miƙa kyamara, mutane su taru su leƙa, su yaba sarƙar Alhaji. Mai ciki? Ai masu ciki sun yi yawa a Jikwoyi. Wata ta ce kamar matar mai gyaran rediyo, suka je suka tarar ta haihu tun watan jiya. Rana tana ta yin ƙasa. Nazeefa tana salati a zuci, salatin yana kakkaryewa, domin duk lokacin da ta fara sai ta ji muryarta ta safe, mai daɗi, mai tabbaci, tana cewa biyu da safe biyu da yamma. Yamma kuwa ga ta nan tana zuwa.

Tsoro ne irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko kuma ta taɓa sau ɗaya. Kafin ta haifi 'yarta Zuhra ta yi wani ciki, ta kwanta a gadon asibiti nas tana yawo da abin sauraro a kan cikinta, tana jira a ce mata an ji. Ba a ji ba. Ta daɗe ba ta tuna ranar nan ba, sai yau a bayan babur.

A wata mararraba Ɗanladi ya tsaya ya sauke ƙafa. "Madam, kawo in gani da kaina." Ya kare gilashin da tafin hannu, ya ƙura ido. "Ai wannan zani na zumunta ne. Matan cocin nan ne da yake bayan makabarta suke ɗaura shi. Yau Asabar, suna can suna koyon waƙa."

Tun daga nesa ta jiyo ganga da kacau-kacau. Mata ne cike da coci, da yawansu sanye da shuɗin zanin nan mai kurciya. Nazeefa ta tsaya a ƙofa da gyalenta da rigar Fitila, waƙar ta mutu a hankali. Ta bi cikkunansu da kallo ɗaya bayan ɗaya, babu doguwa mai tsohon ciki. Wata dattijuwa mai tabarau ta taso, ta ce ita ce Mama Christina, uwar zumunta.

"Lafiya, 'yata?"

"Mama, ba lafiya ba. Wannan nake nema."

Mama Christina ta ɗaga tabarau ta kai kyamarar kusa da hanci. Ba ta nemi fuska ba, hannun ta duba. "Magdalene ce, matar Israel mai walda. Ga tabon man gyaɗa nan a wuyan hannunta. Yanzu muke cewa shiru ba ta zo ba, ita da ba ta fashi." Ta sauke kyamarar. "Me kuka yi mata?"

"Na ba ta maganin da ba nata ba."

Dattijuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta gyara ɗaurin zaninta ta wuce gaba, wasu mata suka bi bayanta. Hanyar ta yi ƙunci ko babur ba zai shiga ba, suka bi ta bayan gidaje, suka tsallake kwata a kan katako. Takalmin Nazeefa ya maƙale a laka, ta cire ɗayan ma ta bar su nan.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Ƙofar Magdalene a buɗe take, labule yana kaɗawa. A bakin ƙofa ga risho da tukunya a kai, an zuba shinkafa da ruwa ba a kunna wuta ba. Mama Christina ta kira sunanta, shiru. Ta ɗaga labule.

Tana kwance a ƙasa a gefen katifa, kamar ta yi niyyar hawa ba ta kai ba. Gumi ya jiƙe rigarta sharkaf. Ambulan ɗin fitila yana kan talabijin, an jingine shi da kyau a jikin hoton aure, kusa da kofin ruwa. Nazeefa ta durƙusa ta taɓa goshinta, ta ji shi sanyi kamar randa. Idanun a buɗe suke kaɗan, amma ba sa kallon kowa.

"Magdalene. Magdalene, ki tashi."

Leɓen matar ya motsa, wata magana ta fito da ba ta da kai. Nazeefa ta yage kwalin sukari, ƙwayoyin suka watse a ƙasa. Ta kira Bernard, ta maƙale wayar a kafaɗa, ta gaya masa inda suke. Ya ce ta gwada ɗigon ruwa a leɓe. Ruwan ya gangaro ta gefen baki.

"Ba ta haɗiya."

"To a kumatu. Ki juya ta gefen hagu. Ina zuwa da motarki bakin titi."

Ta jiƙa ƙwayar sukari ta murje ta da yatsa, ta tura yatsan cikin bakin matar da ko sunanta ba ta tambaya ba da safe, tana shafawa a kumatu da dasashi. Mama Christina ta tallafe kan a cinyarta tana addu'a da sunan Yesu, Nazeefa tana kiran sunan Allah, babu wadda ta ji ta ɗaya ta dame ta. Ta murje wata, ta sake murje wata. Ba ta iya kallon cikin ba, amma gwiwarta tana jingine da shi, kuma duk hankalinta yana nan tana jiran ta ji motsi. Babu motsi.

Can sai maƙogwaron Magdalene ya yi sama ya yi ƙasa. Ta yi tari. Suka ɗaga ta kaɗan, suka ba ta ruwan sukari da cokali, ta sha, rabi yana zubewa. Matan zumunta suka shimfiɗa zani, suka ɗora ta, suka kama gefe-gefe suka fita da ita ta lungun nan. Ɗanladi yana gaba yana korar mutane daga hanya, shi da ko kuɗinsa bai tambaya ba.

A mota Bernard ne ya karɓi tuƙi. Cunkoson hanyar Nyanya bai san ana sauri ba, motocin yashi da na siminti sun jeru suna numfashi. Magdalene takan buɗe ido ta ce tana jin yunwa, sai kuma ta sake lumshewa, Nazeefa ta girgiza ta ta tura mata sukari. Bernard ya ce maganin yana daɗewa a jiki, sukarin baki ba zai riƙe ta ba sai an yi mata ƙarin ruwa. Ya hau gefen titi yana ta hon, ana zaginsa, bai kula ba.

An kira la'asar da daɗewa suka isa asibiti. Likita ya tambayi abin da ta sha, Bernard ya miƙa ambulan ɗin da aka ɗauko daga ɗakinta. Ya tambayi wa ya ba mai ciki wannan. Bernard ya buɗe baki, Nazeefa ta riga shi.

"Ni ce."

Likitan ya dubi ƙafafunta masu laka, ya dubi tambarin da ke rigarta. Aka ɗaura ruwa. Ba a jima ba fuskar Magdalene ta fara dawowa, ta gane Mama Christina, ta tambayi ko an gaya wa Israel, aka ce an aika wurin aikinsa.

Sai nas ta shigo da ɗan mazurarin nan na ƙarfe. Ta yaye zanin, ta kafa shi a kan cikin, ta ɗora kunne. Nazeefa ta san wannan tsayuwar. Ta so ta fita, amma ta tsaya. Nas ta ɗaga mazurarin ta mayar gefe, ta saurara. Ta sake matsar da shi ƙasa. Ta ce a kashe fanka. Ɗakin ya yi tsit, Mama Christina ta daina addu'a da baki. Nazeefa ta kama ƙarfen gado, tana roƙon Allah abin da ta roƙa wancan karon ba a ba ta ba.

Nas ta danna cikin da tafin hannu, ta kai mazurarin can kusa da ƙugu. Ta daɗe a sunkuye. Sai yatsanta ya fara bugun gefen gado, da sauri da sauri, yana bin abin da kunnenta ke ji.

"Ga shi nan. Ɓuya ya yi."

Nazeefa ta zame ta zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, da leshinta. Kuka ya zo mata ba ta shirya ba. Mama Christina ta dafa kanta ta ce ya isa, amma ba ta ce mata "ba komai" ba.

Magdalene ta juyo da kai a kan matashi tana kallonta, kamar tana son tuna inda ta san ta. Sai ta ga kyamarar da ke rataye a wuyanta har yanzu, ta yi murmushi, muryarta a shaƙe.

"Hajiya, ke ne na safe ko? Sori, na ba ku wahala. Na sha yadda kika ce, na ce bari in dafa abinci, sai jiri ya kama ni." Ta huta kaɗan. "Hoton ya yi kyau? Ina so in nuna wa maigida. Ban taɓa tsayawa da manyan mutane ba."

Nazeefa ta dubi kyamarar. Ta share fuska da gefen gyale, ta matso da gwiwa har bakin gadon, ta kama hannun mai tabon man gyaɗa.

"Ba ki fito ba, Magdalene," ta ce. "Mu kaɗai muka fito."